Akwatin Madan da Idona na Dama

To, ku 'yan rumfar mai shayi, kun ishe ni. Wata uku ke nan da dawowata, kullum tambayar ɗaya ce: Sule, ina da ina kuka je kai da matar nan mai akwati? Me kuka gano? Hamza mai nama har ya ce wai tun da na hau motar nan kat-kat na yi girman kai, ba na duban mutum sai a karkace, in an gaishe ni sai na juya kai kamar kaza ta hango shaho. Na ji, Hamza, an gaya mini. Ga labarin nan zan ba ku tun daga farko, sau ɗaya tak, wanda kuma ya katse ni to na yi shiru ke nan.

Kun san halin da muke ciki a lokacin. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta share abin da ya rage, bana kuma lokacin shuka ya zo yana neman wucewa sama tana nan fes. Wa zai kawo gyaran agogo alhali yana jan akuyarsa ta ƙarshe zuwa kasuwa? Shekara ashirin da biyu ina kan teburin nan da na gada wajen babana a kasuwar Agiye, ban taɓa yin sati ban buɗe bayan agogo ba sai bana. Ni kuwa ba gona, ba dabba. Gonata idon dama ne, wanda nake matsa wa lup, ɗan madubin nan namu na masu gyara. Da shi nake ci da matata Zule da yara huɗu.

Ranar kasuwa ce matar ta tsaya a kaina. Doguwa, da zanen Gobirawa a kumatu, ta ajiye mini wani ɗan baƙin ƙarfe mai madubi a tsakiya, madubin bai fi maɓallin riga ba. Wata 'yar kusa ce ta karye a ciki. Ta ce ta zaga makanikai uku, kowa ya ce sai dai Maradi. Na sa lup, na ciro guntun, na samo mata wata daga cikin gwangwanina. Duk wannan aikin ba ƙarfen take kallo ba, hannuna take kallo.

Ta ce, "Malam, hannunka ba ya rawa."

Na ce, "Yunwa ce ba ta gama da shi ba tukuna."

Sunanta Madan Hadiza, 'yar Gidan Rumji, ta yi dogon karatu a Faransa. Aikinta awon danshin da ke sama, da wata na'ura da ta haɗa da hannunta, wadda ake kira lazer. Mai taimaka mata ya kwanta ciwo a Yamai, tana neman mai tsabtar hannu na sati uku, kuma za ta sauke mini hatsi a gida kafin mu tashi. Da na gaya wa Zule, rigunana kawai ta shiga naɗewa.

Direbanmu wani dattijo ne, Illa, mai tauna garin taba, wanda in ya yi kalma biyar a yini to ranar ya yi surutu. Akwatin kuwa yana baya, fari, dogo, an kwantar da shi kan katifa an ɗaure da igiya. Muka kama gudron, wato kwalta, muka yi yamma. Gefen hanya mutane ne jere-jere da ƙunshi a ka, kowa ya nufi Maradi ko kudu, ba mai ɗaga hannu ya tsai da mota. Can cikin gonaki mata ne a tsugune suna tonon gidan tururuwa suna neman 'yar ƙwayar da ta ɓoye. Kafin shiga Maradi wani jandarma ya leƙo ta taga, ya ga farin akwati kan katifa, ya cire hularsa.

"Gawa ce?"

Illa ya tofar da taba ya ce, "Haske ne."

Jandarman ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja da baya, ya saki igiyar da ya tare hanya da ita. Ko takarda bai tambaya ba.

A Gidan Rumji aka sauke mu a wani aji na lakol, tun da yara sun watse. Mutanen can Hausarsu sai ka kasa kunne: munka, sunka, wanga, mi ka ce. Daren farko na ɗauka faɗa ake a bayan katanga, ashe gaisuwa ce. Innar Madan ce ke aiko mana abinci, tuwon dusa da miyar tafasa, wani lokaci anza, 'ya'yan itacen daji, wadda aka jiƙa kwana da kwanaki amma ɗacinta yana nan daram. Illa yana ci ko yamutsa fuska ba ya yi. Ni kam sai da ruwa nake tura ta.

Amma duk al'adun da na gani a tafiyar nan, babu masu ban mamaki kamar na akwatin. Kafin ka matso shi sai ka wanke hannu, ka rufe kai, ka cire zobe. Ka cire agogo! Ni, Sule mai agogo, aka sa na tuɓe agogona na jefa a kwano. Duk abin da ke ƙyalli haram ne a wajen. Hantsakin babana, wanda hannu biyu suka goge shekara da shekaru har yana ɗaukar ido, ta ce in ajiye, ta ba ni wani baƙi. Ban ajiye ba, na sa a aljihu, domin ban taɓa kwana ba shi ba. A garinmu in abu ya faɗi sai ka duƙa ka ɗauka. A nan in abu ya faɗi sai ka bar shi, a murɗa makulli a kashe tukuna, domin ba a yarda idonka ya zo daidai da teburin ba. Sannan akwai wani tabarau mai ruwan goro, mai kauri, da ba a cirewa. Kafin ta murɗa makulli sai ta ɗaga murya ta ce, "Haske!" mu kuma mu amsa, "Mun ji!" Na ce mata, Madan, wannan ai ya fi alwala sharuɗɗa.

Da ta ɗaga murfin sai na ga ashe agogo ne, babba kawai, wanda komai nasa ba ya motsi. Abu uku ne a jere. Na farko zaren gilashi ne, bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, an naɗe shi kamar gammo. A cikinsa haske ke zagayawa, in ji ta, yana zagayawa har ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo gajere ne ƙwarai, ƙiftawar ido a wajensa doguwar tafiya ce. Sai dai ɗigon ba shi da ƙarfi. Shi ne ake tura shi cikin abu na biyu, wata sandar dutse mai ruwan hoda, tsawon alƙalami, wadda fitilu suka riga suka ɗura wa ƙarfi. Yana ratsa ta sai ya kwashe ƙarfin duka ya fito da shi gaba ɗaya.

Na ce, "Wato a tara ruwan tulu goma a juye shi ta bakin buta lokaci guda?"

Ta ce, "Ka fi wasu ɗalibaina, wallahi."

Na uku 'yan duwatsu biyu ne garai-garai, masu sauya wa haske launi. Ɗaya in haske ya ratsa shi sai ya bar masa ɗan ƙarfi kaɗan, ya fito da wani launi dabam. Ta faɗi sunan wani masani Ba'indiye da ya fara gano haka, na manta shi. Wannan dutsen shi ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa. Ɗayan kuwa shi ke mai da hasken kore har ido ya gan shi. Ta ce danshin sama ma haka yake yi wa haske: in ya buge shi, ɗan abin da ya dawo ƙasa launinsa ya sauya, wani madubi mai faɗin tasa ya tara shi, ordinater, wato kwamfuta, ta auna. Da haka ake sanin ko akwai danshi a can, da kuma nisansa.

Sannan ta nuna mini tsakanin sandar da duwatsun, wajen taƙi ɗaya, ta ce, "Malam Sule, mi ka gani nan?"

Na ce, "Iska."

Muka sa tabarau, ta danne wani ɗan maɓalli da ke bakin murfin, ta kira haske, muka amsa. Abin ya kama tak, tak, tak, kamar agogon bango. Ta ɗauki baƙar takarda da dogon hantsaki ta sa a wurin nan da babu komai. Ɗas! Farin rami ya fito a tsakiyar takardar, ƙauri ya bugi hancina. Ban ga wuta ba, ban ga haske ba.

Ta kashe, ta ce, "Wanga ba a ganinsa. Koren da ke hita sama ido yana ganinsa ya kauce. Wanga ba ya sallama, ko zahi ba za ka ji ba. Wane ido kake sa wa lup?"

"Na dama."

"To ka riƙe shi da kyau. Ba ni da wani da zan ba ka."

Rana na faɗuwa muke fara aiki, domin da rana hasken da ke dawowa ɓacewa yake, esansin gurup ɗinmu, wato man janareta, kuma ba ya kai mu nesa da isha. Ranar farko muka kewaye filin lakol da igiya. Da ta murɗa makullin sai wata koriyar sanda ta miƙe daga akwatin zuwa sama, siririya, ba ta bajewa kamar hasken tocila, ba ta lanƙwasa, ba ka ganin ƙarshenta. Ƙwari in sun gitta ta sai su yi ƙyas su faɗo. Rabin unguwa ta taru bayan igiya. Tak, tak, tak kawai kake ji. Can wata tsohuwa ta dogaro sanda har bakin igiya, ta daɗe tana bin koren da ido, sannan ta ce wa Madan, "Ɗiyata, in saƙonki ya kai can, ki ce musu mun gaji."

Na so in yi dariya, na ga Madan ba ta yi ba, na haɗiye. Da muka duba ordinater, layin a kwance yake shimfiɗe. Ta ce busasshe ne tun daga kanmu har inda hasken ya kai. Kwana takwas muka yi a Gidan Rumji, kullum layin nan a kwance.

A na tara aka kira ta a salula aka ce iska mai danshi ta motso daga kudu maso gabas, sai mu tare ta wajen Gazawa. Muka koma ta inda muka fito. Mun ratsa Agiye da azahar ba mu tsaya ba, na hango teburina a rufe da buhu, na kuma hango ka, Hamza, kana barci baki buɗe ƙudaje suna taya ka jiran nama. A Gazawa muka kwana a shagon wani Alhaji Mamman, wanda kakansa daga ƙasar Katsina ya hauro. Gidan nan rabi namu ne rabi na can: mu mu ce buro su ce ofis, mu ce lakol su ce makarantar boko. Babura ne ke shigowa ta bayan gari da buhunan garin rogo, garin rogon nan ke riƙe da mutane. Shi aka jiƙa mana da ƙuli-ƙuli da albasa. Bayan anzar Gidan Rumji, wallahi ji na yi kamar ranar salla.

Daga nan muka sauka gudron muka yi kudu ta cikin kwarin gulbi, tsakanin goruba. Ba mushen shanu ne ya fi ba ni tsoro ba, ko da yake suna nan ko'ina, fata ta manne da ƙashi. Shirun ne. Ka shiga gari da hantsi ba ka ji daka ba, ba zakara, ba kukan jaki. Wani ƙauye da muka ratsa kowace ƙofa an toshe ta da ƙaya. A tsakar wani gida da dangarsa ta faɗi ga turmi a tsaye, an gicciya taɓarya a bakinsa, kamar mai shi za ta dawo yanzu. Madan ta ce mu tsaya mu nemi ruwa. Illa ya tsaya amma ya ƙi kashe mota, ya ƙi kuma fitowa.

Iyakar da kuke ji ana faɗa ba wani abu ba ne, gawo ne guda da igiya an rataya mata gwangwanaye, sai benci. Mu ba ƙetarewa za mu yi ba, wata rijiya muke nufi da ke ɗan gaba kaɗan, a ɓangarenmu. Amma ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke wurin ya ce ba ya sanin abin da ke cikin takarda, idonsa ya sani. Madan ta ce ya bari ta buɗe a hankali cikin mota saboda ƙura. Bai jira ba, ya fizgi murfin, wani abu ya ce ƙaras. Ya leƙa ya ga madubai, ya tambaya ko zinariya ce, aka ce a'a, ya ce mu wuce.

Abin da ya karye ɗan maɓallin nan ne na bakin murfi. Aikinsa, in an ɗaga murfi ya kashe hasken da kansa. Da ya karye sai na'urar ta ɗauka murfin a buɗe yake har abada, ta ƙi tashi. Madan ta dafe kai. Ni kuwa na ciro guntun sifirin na tsohon agogo, na lanƙwasa, na danne maɓallin da shi, abu ya tashi. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye muku ba. Ita ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Har mu kai Maradi murhin nan ba ya tsare kowa. Makulli kaɗai ya rage. Kun ji?" Muka ce mun ji.

A bakin rijiyar muka tarar da Fulani, babbansu Arɗo Buba, dogo, siriri, Hausarsa a hankali kamar yana ɗauko kowace kalma daga jaka. Sun maƙale a wurin: arewa ba ciyawa, kudu kuwa manoman ƙetare sun riga sun yi shuka ba su barin garke ya ratsa. Shanun da suka rage masa ba su da yawa, kuma ba su iya tashi da kansu. Kowace safiya sai a zura sanduna ƙarƙashin cikin saniya, mutum huɗu su ɗaga ta a tsai da ita kan ƙafafunta. Na taya su, na ji ƙashin haƙarƙarinta a kafaɗata. Mu a Agiye in yunwa ta kama mu duk kasuwa sai ta ji. Su kuwa ka gai da mutum saniyarsa tana mutuwa a gabansa, ya ce maka jam, wato lafiya, ya ƙara da jam. Kuma duk da haka sai da matarsa ta kawo mana nono, bai cika ludayi biyu ba. Na sha kunya ta hana ni jin ɗanɗanonsa.

Mahauta sun kafa mota nesa kaɗan, suna jiran Arɗo ya gaji ya sayar musu a wulaƙance. Da muka kunna koren a yammacin farko, duk saniyar da ke iya ɗaga kai sai da ta ɗaga, suka zuba masa ido, ba wadda ta yi kuka. Arɗo ya zo bakin igiya ya tsuguna.

"Madan, ndiyam. Ruwa. Yana nan?"

"Arɗo, ni ba na kawo ruwa. Awo nake yi."

"To auna."

Yammaci na biyu layin nan da ya kwanta mana tun Gidan Rumji ya yi ɗan tozo, can sama. Madan ta ce masa in gobe tozon ya sauko ƙasa-ƙasa za ta iya ce masa wani abu. Arɗo ya ce zai hana mahauta har goben. Illa kuma ya girgiza jarka ya ce esansin na yammaci ɗaya ne.

To, ga ranar. Na'urar sai ta daɗe tana ɗumama kafin ta yi aiki, don haka tun rana ba ta faɗi ba muka tada gurup. Iska ta tsaya cik, jiki yana danƙo. Madan ta kira haske, muka amsa, koren ya miƙe. Ta ce in tsaya gadi su yi magariba ita da Illa, in sun idar ni ma in yi. "Kak ka taɓa komi," in ji ta, ta zaga bayan mota.

Ba su kai raka'a ta biyu ba koren ya yi rawa, ya ɗauke. Tak, tak, tak ɗin kuwa yana nan bai tsaya ba. Arɗo da mutanensa da ke tsugune bayan igiya suka sauke kai daga sama gaba ɗaya, suka dube ni. Na san doka, a murɗa makulli. Na kuma san in na murɗa sai an sake ɗumamawa, esansi ba zai kai ba, Arɗo zai kwana ba amsa, da safe mahauta su ja shanunsa. Akwai kuma wani abu, tun da na ce gaskiya zan faɗa: ina so Madan ta sallame ta tarar Sule ya gyara.

Na ɗaga murfin. Sifirin ɗina ya riƙe maɓallin da kyau, hasken bai mutu ba. Can jikin ɗan madubin da ke gaban duwatsun na hango wani baƙin abu, ɗan ƙwaro ne ya kutsa ta inda murfin ya karye, ya ƙone ya tare hanya. Baƙin hantsakin yana jakar Madan, na babana yana aljihuna. Duhu ya fara, cikin tabarau mai ruwan goro ba na gani sosai. Wallahi ban yi shawara ba. Shekara ashirin da biyu in ƙaramin abu ya ƙi ganuwa abu ɗaya hannuna ya sani. Ya tura tabarau goshi, ya ɗauko lup ya matsa a idon dama, na duƙa, na miƙa hantsaki.

Ɗas.

Irin ƙarar takardar nan, sai dai a cikin kaina na ji ta. Ba zafi, kamar yadda ta faɗa. Wani jan zare kawai na gani yana iyo. Na ciro ƙwaron, koren ya miƙe sama, na ji Fulani sun sauke numfashi. Na rufe murfi, na sauke tabarau, na mai da hantsaki aljihu. Madan ta dawo tana gyara mayafi ta ce lafiya? Na ce lafiya lau.

A yammacin nan tozon ya sauko, ya yi faɗi. Madan ta daɗe tana kallonsa sannan ta je bakin igiya ta ce, "Arɗo, ban ce maka ruwa ba, wannan na Allah ne. Amma danshi ya sauko. In ni ce, ba ni sayarwa gobe." Arɗo ya ce, "Useko," wato na gode, ya tashi ya koma wajen shanunsa. Ni kuma na zaga na yi alwala, na rufe idon hagu da tafin hannu na dubi fitilar Illa. Babu fitila. Ga ƙasa, ga motar, ga haske a gefe-gefe, amma inda na duba ɗin baƙin rami ne. Na mai da ido kan Illa, ga hula, ga gemu, ba fuska. Na yi sallar nan ban san abin da na karanta ba.

Kwana biyu na ɓoye. Kunya ce, da kuma fatan ko zai washe da kansa. A shagon Alhaji Mamman, kan hanyar dawowa, asirina ya tonu. Ni ke zuba shayi, na ɗaga buta na zuba shi sarai a kan tabarma, gefen kofi. Na ce hannu ne. Na sake, na sake zubawa a gefe. Madan ta ajiye abin da ke hannunta.

"Malam Sule, ruhe idon hagu."

Na rufe.

"Yatsa nawa na ɗaga?"

Ina ganin ɗankwalinta, ina ganin kafaɗunta, tsakiya babu komai. Na ce uku.

Alhaji Mamman ya ce, "Innalillahi." Ashe ko hannu ba ta ɗaga ba.

Matar nan da ta tsaya wa jandarma da duwan sai ga ta zaune daɓas a ƙasa. "Mi na ce maka? Mi na ce maka, Sule?" Ranar ko Malam ɗin babu. Ta ce ita ce ta bari na danne maɓallin, laifinta ne. Na ciro hantsakin babana na ajiye a gabanta na ce, Madan, ga mai laifin nan, da wanda ya sa shi a aljihu. Ta dube shi yana ƙyalli, ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ce ban yi ba.

Ko kwana ba mu yi ba ta sa Illa ya kama hanyar Maradi. Tsakanin Gazawa da nan Agiye ruwan ya tare mu, kun tuna shi, wanda ya kwashe rumfar mai shayi. Mutane suka fito gudron suna tsaye a cikinsa, wasu da kwarya, wasu sun riga sun saɓa sungumi. Illa ya tsai da mota ya ce, "Allah ya sa ya kai rijiyar Arɗo, ya tarar da masu rai." Ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa. Daga baya an ce ya kai, wasu shanun sun tashi, ban san ko nawa ba. Ni dai na ga ruwan da muka yi kusan sati uku muna nema, da rami a tsakiyarsa.

Likitan ido a Maradi ya haska, ya daɗe, ya ce wurin da ya ƙone bai fi kan allura ba, amma daidai inda ake ganin ƙananan abubuwa ne, kuma wurin ba ya sake tsirowa. Madan ba ta yar da ni ba, tana aike, tana kuma son in bi ta Yamai in riƙa goge mata madubai. Ban ba ta amsa ba tukuna. Zule kaɗai ta sani a garin nan, sai yau da na gaya muku.

Hamza, agogonka da kake ta yi mini gorin na riƙe wata uku, yana nan cikin gwangwani. Sau huɗu ina buɗe bayansa. Kowane karo hannuna idon dama yake kai lup, in duƙa, in ga gefen agogo ba cikinsa. Ina koya wa na hagu, amma hannun ya ƙi yarda, sai ya sauka gefen kusa. In kana sauri zo ka ɗauka ka kai Maradi, in kuma za ka iya jira ka ba ni zuwa kaka. Karkata kan da kuke gani kuwa ba raini ba ne. In na dube ku sosai ramin yana hawa kan fuskarku, shi ya sa nake juyawa in nemo ku da gefe.